Ƙafar Ƙararrawar Inna

Tun da aka kafa doka cewa wutar lantarki da ruwa ba sa shiga gida sai ta allon rarrabawa na hukuma, kowane gida allo ɗaya gare shi, ɗan ƙarami kamar tafin hannu, kowace ƙafa, wato ramin jona waya, a jikinsa da aikinta.

Tanimu ya sayo na'urar sanyaya ɗaki, ya kira Sallau mai gyara ya haɗa masa.

Sallau ya duba allon ya ce, "Alhaji, ƙafafun duk sun cika. Ga ta famfo, ga ta firji, ga ta talabijin. Sai an cire ɗaya."

"Waccan ta ƙarshen fa?"

"Ta ƙararrawar Inna ce. Tun da ta daina tashi, ai da ita take kiranku."

Tanimu ya share gumi. "Cire ta. Zan riƙa leƙa ta."

"Ka gaya mata?"

"Kai dai yi aikinka, malam."

Da azahar falo ya ɗauki sanyi, Tanimu ya miƙe a kujera yana jin daɗin shirun gidan. Can ɗakin baya kuwa mahaifiyarsa na ta danna maɓalli, tana ce wa kanta, "Yana tafe. Tanimu bai taɓa ƙin zuwa ba."