Inda Tarakta Ta Kwana

Kwana biyu bayan sadakar arba'in ɗin mahaifina aka ce a sayar da taraktarsa a raba gado. Ni ne babba, ni aka ɗora wa. Na sayo gwangwanin jan fenti, na ɗebo yashi a baro don in rufe baƙin man da take ɗigarwa a gindin dalbejiyar da take kwana. Ina tsugune ina buɗe gwangwanin sai ga Baba Nomau, aminin marigayin. Ya dubi fentin, ya dubi yashin. Ya zauna a kan garma ya ce, "Ɗana, ajiye burushin nan tukuna, in ba ka wani misali." Ga shi nan yadda na riƙe shi.

Wani manomi ne, duk rayuwarsa da shanu yake huɗa. Wata shekara, saura wata guda ruwa ya sauka, ciwon huhu ya shiga turkensa, bijimansa biyu suka tafi a mako ɗaya. Ya tattara abin da yake da shi ya ce tarakta zai nema ta hannu, domin in daminar nan ta wuce shi, gidansa ba tuwo. Shi kuwa bai san komai a ƙarfe ba. Sa ya sani. Sai ya ce to, zai duba ta yadda ake duba sa. Mai hankali ba ya yarda da san da ya gani a kasuwa da rana, an wanke shi an cika masa ciki da ruwan kanwa. Turke ake zuwa da sassafe, a ga yadda yake tashi, a ga abin da ya bari a inda ya kwana.

Aka kwatanta masa tarakta biyu. Ta farko ja wur, tana ƙyalli kamar sabon kwano. Ya isa raɓa ba ta bushe ba, ya ɗora tafin hannu a kan injin, sai ya ji ɗumi. An riga shi tashin ta ke nan. Mai ita ya murɗa makulli, ta kama nan take, yana ta yabon ta. Manomin kuwa ƙasa yake kallo. An share wurin fes, an baza sabon yashi. Ya sa babban yatsan ƙafa ya tona, sai ga ƙasa baƙa ƙirin, jiƙe da mai kamar gindin randa. Ya yi godiya ya kama hanya.

Ta biyun launinta ya koɗe, kujerarta ma da tsohon buhu aka naɗe. Ya taɓa ta, sanyi ƙalau. Sai da mai ita ya murɗa sau uku ta yi tari, ta furzar da farin hayaƙi, sannan muryarta ta daidaita. Tun ba a tambaye shi ba ya kama hannun manomin ya zagaya da shi, yana faɗa masa aibinta. Nan tana ɗigar da mai, kamar cokali guda a kwana. Wannan tayar ta baya damina ɗaya ta rage mata. In ta yi zafi giya ta biyu takan yi gardama, lallaɓa ta ake yi, ba a danne ta. Ya ja ta zuwa fako ya sauke garma, ta tsaga ƙasar rani tana nishi, ba ta tsaya ba. Manomin ya ce, "Kai kuwa, haka ake ciniki?" Mutumin ya ce, "Ko na ɓoye maka, ita ba za ta ɓoye ba. Gara ka ji daga bakina a inuwa da ka ji daga bakinta a tsakiyar gona."

Ita ya saya. Jar kuwa wani ne ya je da tsakar rana ya ɗauka. Kwana uku da fara huɗa ta mutu a tsakiyar kunya, tana nan har yaɗo ya hau tayoyinta. Koɗaɗɗiyar nan kowane ciwonta ya zo a lokacin da aka faɗa, ya tarar ana jiran sa: ga taya a jingine, ga galan ɗin mai a zaure. Gero ya shiga rumbu a shekarar, da shekarun da suka biyo. Wanda ya sayar da ita kuma bai ɓace ba. Duk farkon damina sai ya zo ya kara kunne a injin, a kawo fura su sha tare, har aka manta ciniki ne ya haɗa su.

Nan Baba Nomau ya ƙare misalinsa. Bai kama sunan kowa ba, amma na san koɗaɗɗiyar taraktar da ke bayan gidansa, na kuma san daga ƙofar gidanmu ta fita, kafin mahaifina ya sayi wannan. Na mayar da murfin gwangwanin. Yashin na juye shi a bakin rijiya.

Da mai saye ya zo, na bari ya same ta da sanyinta, da tabon manta a ƙasa. Na kama hannunsa na zagaya da shi, ina nuna masa, sai na ji ashe da bakin mahaifina nake magana. Ya saya bai ja ba, ya ce Allah ya jiƙan mai ita. Addu'ar nan ta fi mini komai daɗi a ranar.

Allah ya saka wa Baba Nomau da alheri. Saura ƙiris in binne sunan ubana da baro ɗaya na yashi. Da zai tashi ran nan, ya kakkaɓe rigarsa, ya dafa kafaɗata, ya ce ba banza ba Hausawa suka ce: gaskiya ta fi dokin ƙarfe ƙarfi.