Matar Kawu

Karo na huɗu ke nan Batulu tana wanke kwanon amai a bakin famfon asibiti, rana ba ta ko kai tsaka ba. Da hannun dama take cuɗawa. Na hagu yana maƙale a jikinta cikin hijabi.

Mai ciwon Safina ce, ɗiyar marigayiya Jummai. A ƙetaren iyaka ta tashi, cikin ƙasar Benin, can aka yi mata aure, can ta haifi 'yan mata biyu. Da sankara ta kama mata mama, mijinta Namadi ya kawo ta Lolo, garin su Batulu, a kan babur ranar kasuwa, ya ce damina ta kama shi, ya koma gona. Bai yi ƙarya ba, amma bai kyauta ba.

Batulu matar kawun Safina ce, kawun ma ya daɗe a ƙasa. Da ta ce ba za ta iya ba, babu mai ganin laifinta. Sai ta rufe ɗakinta, ta bar wa tsuntsaye shinkafarta, ta bi Safina asibitin birni. Mutanen Lolo ba su yi mamaki ba. Sun san akwai alkawari tsakaninta da Jummai, har da dafa Alƙur'ani, suka ce ai na jinyar marainiya ne.

Matan da ke jinya a ɗakin sun ce tsohuwar nan ba ta da fara'a. Ba ta hira da marar lafiyar, ba ta kallon idonta, ko sunanta ba ta kira. "Ke, tashi ki sha kunu." Iyakarta ke nan. Amma ba ta taɓa toshe hanci ba in ana wanke gyambon maman. Ta san warin. Ta shaƙe shi wata bakwai a ɗakin uwarta a Kaoje, shekarar da ruwa ya ci gonaki, har aka fitar da gawar.

An yanke maman. An ƙara ruwan magani sau shida, gashin kan Safina ya zube tas. Aka ce sai an gasa wurin da na'ura, na'urar ta lalace, suka jira wata biyu. Da aka sake ɗaukar hoto, abin ya tsallaka ɗaya gefen.

Likita ya zauna da takarda a hannu. Ya ce shekarunta sun yi kaɗan da irin wannan saurin. In na gado ne, akwai wani gwaji, akwai wani magani daban, kuma dole a sa ido kan 'yan matanta. In ba na gado ba ne, a ci gaba da wanda ake yi.

"Cikin danginki na jini akwai wadda ta yi shi?"

"Babu," in ji Safina. "Inna Jummai hawan jini ya kashe ta."

Ya dubi Batulu. "Mama, ke fa mi kika sani?"

Safina ta yi 'yar dariya, muryarta a dushe. "Likita, ƙyale ta. Matar kawuna ce, ba jinina ba. Allah dai ya jarabce ta da ni."

Ya rubuta babu. Ya ce ranar Alhamis za a tura takardar.

Tun daga wannan ranar marigayiya Jummai ta dawo mata. Batulu na ganinta da rana tsaka, a layin karɓar magani, a gindin dogon yaro inda masu jinya ke dafa abinci, da lulluɓinta mai shuni. Ba ta cewa komai sai abu guda: "Kin rantse." Kuma duk inda Jummai ta tsaya, sai Batulu ta hango 'yan matan nan biyu a bayanta, sun girma, kowace kanta babu gashi.

Rantsuwa ba abin wasa ba ce. Shekara talatin da biyu Batulu ba ta yi wasa da ita ba.

Ranar Laraba bayan azahar ta tare limamin masallacin asibitin. "Malam, wanda ya dafa Alƙur'ani, in ya karya fa?"

Ya ce ya ciyar da miskinai goma, in ba shi da hali ya yi azumi uku.

"In wadda aka yi wa rantsuwar ta mutu?"

"Wanda aka rantse da Shi yana nan, Inna. Shi za ki roƙa."

Ta tashi da azumi ranar Alhamis. Ta jira aka tura Safina ɗaukar jini, sannan ta shiga ofishin likita ta mayar da ƙofa. Jummai na tsaye a bakin taga. Batulu ba ta dube ta ba.

"Goge abin da ka rubuta. Jummai ba ta taɓa haihuwa ba. Ranar yaye aka ba ta yarinyar, ta tsallaka iyaka da ita."

Likita ya ajiye biro. "To uwar tana ina?"

Batulu ta ɗaga hijabinta ta gefen hagu.

"Rubuta. Kakarta da shi ta mutu a Kaoje. Uwarta kuma ga ta gabanka, shekara guda ke nan tana ɗauke da nata."