Ruwa Ya Zube a Ɗaki na Bakwai

"Mai shara, ruwa ya zube a ɗaki na bakwai."

Kafin nas ɗin ta rufe baki na suri bokiti da tsumma. Shekara tara ina goge asibitin nan, tun zuwanmu ƙasar ni da Inna, ba takarda, ba yaren mutane.

Tsohon da ke kwance ya harare ni. "Yarinya, goge da kyau. In kin fita ki gaya wa likitan na gaji da jira. Wai sabo ne, shi ya sa yake yanga."

"To, Baba."

Ina matse tsumma shugabar masu shara ta faɗo tana haki, farar rigar likita a hannunta.

"Ke ba kya ji? Duk karatun da kika sha a ɗakin ajiyar tsintsiya, bokiti za ki koma wa?" Ta fizge shi, ta saka mini rigar.

Na wanke hannu. "Baba, ina ke maka ciwo?"

Ya dubi ƙasa tana sheƙi, ya dube ni.

"In haka aikinki yake, 'yata, ko tiyata ce, bismillah."