Awa Tara a Intanet

"Goge wannan amsar," in ji shugabar sashen bincike, tana nuna kwamfutar wani ma'aikacinta da biro. "Tsohuwa mai shekara sittin da takwas, awa tara kullum a intanet? Wani ne ke raina mana hankali."

Shi ya tsara tambayoyin, don a gano abin da ke kai mutane intanet. Da amsoshi suka ƙi taruwa, sai ya tura wa duk wanda ke cikin wayarsa a lokaci guda, bai ko duba su wane ne ba. Masu amsawa kuma ba sa rubuta suna.

Ya kai hannu zai goge, sai ya lura ba ta zaɓi labarai ko kasuwanci ko nishaɗi ba. Gurbin "wani dalili daban" ta cike, wanda ya so cirewa don yana cin lokaci.

"Ni tsohuwar malamar makaranta ce. Ina barin wayar a kunne in ga ko autana ya hau, in san yana lafiya. Wata huɗu bai kira ba, aiki ya sha masa kai. Yau saƙonsa ya shigo, na ɗauko tabarau da sauri, ashe tambayoyin nan ne. Na amsa don kada aikinsa ya tsaya."

"Ka goge?" in ji shugabar.

"Ba ta ƙarya, ranki ya daɗe," ya ce, yana laluben wayarsa. "Ita ta koya min rubutu."