Ciyawar da Tsoho Ya Watsa wa Iska

Kai da ba ka yarda da kowa ba, ko inuwarka sai ka waiwaye ta, tsaya ka ji misali. An yi wani gwanin golf, wasan da ake bugun 'yar ƙwallo da sanda har ta faɗa ɗan ramin da aka kafa wa tuta, ya ƙware a filaye masu taushi, irin waɗanda ake shayarwa safe da yamma, inda in ka ɗaga ƙwallo sama sai ta faɗo ta zauna daram kamar an ajiye ta da hannu. Da tauraronsa ya soma dusashewa, aka ce masa gasa ɗaya ta rage: in bai shiga sahun gaba ba, za a cire sunansa daga jerin ƙwararru. Gasar kuwa a bakin teku za a yi ta. Da ya je ya ga filin, sai ransa ya ɓaci. Ba bishiya ko ɗaya, sai tuddan rairayi da ciyawa mai kaushi, ƙasa da tauri kamar daɓe, ga ramukan rairayi na tarko masu haɗiye mutum har wuya, iska kuma tana shigowa ba sallama. Ya ce a ransa tarko ne wannan, masu talabijin ne suka zaɓe shi don duniya ta sha kallon manya suna tuntuɓe. Aka haɗa shi da wani tsoho ɗan garin, mai ɗaukar jakar sanduna, wanda a filin nan ya yi furfura. Da sassafe ya hango tsohon yana shan shayi da mai ɗaukar jakar abokin hamayyarsa, har da tafawa. Shi ke nan, zargi ya samu wurin zama.

Kafin kowane bugu, tsoho kan tsinko ciyawa ya watsa sama, ya bi ta da kallo. Iska yake aunawa, amma gwani ya rantse ishara ce ake yi wa wancan ɓangaren. Tsoho ya ce, "Yallaɓai, a nan ba a bugawa sama. Sa ta ƙasa-ƙasa, ka nufi tudun can na hagu, zai gangaro maka da ita." Hagu? Ga tuta can a dama ƙiri-ƙiri! Daga nan duk abin da tsoho ya faɗa sai ya yi akasinsa, yana jin shi ne mai wayo. Da ƙyar ƙwarewarsa ta ja shi har ramin ƙarshe, saura bugu biyu masu kyau ya tsira da sunansa. Tsoho ya watsa ciyawarsa, ya miƙo masa sandar gara ƙwallo a ƙasa, alhali tuta na da nisa. Gwani ya ture hannunsa, ya zaro sandar da ya saba. Ƙwallo ta tashi gwanin sha'awa, ta tsaya a sama kamar mai shawara, iska ta tallabe ta, ta jefa ta a ramin rairayi mafi zurfi. Sau uku yana haƙar rairayi kafin ya fito da ita. Sunansa ya tafi.

To, ka ji sauran. Mutanen garinsu da suka cika gidan kallo ba su ga iska ba, don iska ba ta fitowa a talabijin inda babu reshen da zai kaɗa. Rana suka gani da fili shimfiɗe, ga gwaninsu yana aika ƙwallo ramin rairayi da kansa. Suka ce ai sayar da wasan ya yi. Mai zargi ya dawo gida ya tarar shi ake zargi, har mai shayin unguwa yana masa kallon gefen ido. Da aka maimaita bugun a hankali a talabijin, shi ma ya zauna ya kalla. Sai ga ciyawa ta bar hannun tsoho, ta yi dama, ta bi hanyar nan sak da ƙwallonsa ta bi daga baya.

Saboda haka ka rage wa zuciyarka tsaron ƙofa, malam. Hausawa sun riga sun gama magana: in ka ƙi ji, ba ka ƙi gani ba.