Babu Ko Ɗigo

"Maganin da muka rubuta miki ba ya shan wahalar shiga ƙwaƙwalwa," in ji likita, tana duba sakamakon ruwan da ta zuƙo daga ƙashin bayana. "Amma babu ko ɗigonsa a jikinki. Shi ya sa cutar ta sake tashi."

Wata uku ke nan, tun da ƙurar hamadar Arizona ta shuka mini ciwon nan a kai, mijina ke miƙo mini ƙwaya kullum da safe. "Haɗiye, tawan."

A mota na tsare shi da tambayar me yake ba ni, kuma ina maganina yake tafiya. Ya ƙura wa titi ido.

"Ai bitamin ma magani ne."

Muna isa gida, karensa, wanda cutar ta kwantar tare da ni, ya tsallake shinge da gudu ya tarye mu. Ko tari ba ya yi.