Hular Baƙo

"Kai za ka sa masa hular," in ji Oga, "tunda a ƙasarsu ka yi karatu."

Jami'in tarbar baƙi ya karɓi hular, zama ya gagare shi. Ya leƙa taga, ya gyara kujeru, ya sake leƙawa, har jiniya ta shigo Sakatariyar Tarayya.

Ministan Girka ya yi furfura, ya sauya jam'iyya, yanzu abokin Afirka ake ce masa. Muryar ce kawai ba ta sauya ba. Ita ta ba samari masu korar baƙi umarni ranar da suka farfasa wa jami'in kafaɗu da sanduna, yana ɗalibi.

Aka zura wa baƙo babbar riga, aka tafa. Saura hula.

Jami'in ya ɗaga hannuwansa da hular, suka tsaya iya ƙirji, inda suke tsayawa tun ranar.

"Ɗaga mana, Malam!" Oga ya raɗa masa.

"Iyakarsu ke nan, ranka ya daɗe."

Minista ya dubi masu ɗaukar hoto, ya dubi hular, sannan ya sunkuya ƙasa sosai a gabansa.

Shi kuwa bai yi gaggawar ɗora ta ba.